Sabara: Gajeren itacen da ke riƙe da ƙasar noma a arewacin Kano

Sabara na ɗaya daga cikin tsirran da suka fi yawa a ƙasar Hausa, amma kuma tana cikin waɗanda ba a cika kulawa da su ba.

Ba a shuka ta, ba a yi mata ban ruwa, kuma a kowace bazara manoma kan sare ta su cinna mata wuta lokacin sharar gona. Duk da haka, kafin a je ko'ina sai a ga ta sake tohowa daga kututturenta.

Wanda duk ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko wadda ta ratsa Bichi zuwa Tsanyawa, zai gan ta jefi-jefi a kan iyakokin gonaki, da gefen burtali, da kuma wuraren da rairayi ya yi yawa.

Binciken da masana suka yi a Nijar da Senegal daga shekarun 1990 zuwa yau ya nuna cewa wannan itace da ake yi wa kallon ciyawa yana tara taki, yana tare ƙasar da iska ke kwashewa, har ma yana ɗebo ruwa daga can ƙarƙashin ƙasa ya shayar da geron da ke kusa da shi.

Suna da dangi

Masana ilmin tsirrai na kiran sabara da suna Guiera senegalensis.

Asalin sunan daga harshen Wolof na Senegal yake, inda ake ce mata nger. Wani Bafaranshe masanin halittu, Michel Adanson, wanda ya isa Senegal a 1749, shi ya fara shigar da sunan cikin littattafan Turawa. Daga baya, a 1791, wani Bajamushe mai suna Johann Friedrich Gmelin ya ba ta cikakken sunan da ake amfani da shi har yanzu.

Fulani na ce mata geloki, Bambarawan Mali na ce mata kunje, Larabawan Sudan kuma gubaish. Zabarmawa, kamar Hausawa, sabara suke kiranta.

Tana cikin babban gidan itatuwa da ake kira Combretaceae, wato danginsu ɗaya da geza, da taramniya, da marke, da kuma baushe. Sai dai a cikin wannan gida ita kaɗai ce a ɗakinta, domin babu wani tsiro a duniya da ke ɗauke da sunan Guiera in ban da ita.

Kalgo, wanda ake yawan ganinsu tare a gona, ba ɗan'uwanta ba ne. Shi daga gidan su tsamiya da wake ya fito. Zaman maƙwabtaka ne kawai ya haɗa su.

Siffarta

Sabara ba ta da gangar jiki guda ɗaya kamar kuka ko gawo. Rassa ne sirara masu yawa ke fitowa tun daga gindi, su bazu ta kowane ɓangare.

Tsayinta yakan kama daga mita 1 zuwa mita 3. Inda aka ƙyale ta shekaru ba a sara ba, takan kai mita 5, ta zama ƙaramar bishiya. A gonakin da ake nomawa duk shekara kuwa, da wuya ta wuce ƙugun mutum.

Ganyenta ƙanana ne, tsawonsu kimanin santimita 3 zuwa 5, kuma suna fitowa biyu-biyu, ɗaya na fuskantar ɗaya a jikin reshe. Launinsu kore ne mai garwaye da ruwan toka, saboda wani lallausan gashi da ya lulluɓe su.

Idan aka juya bayan ganyen aka duba da kyau, za a ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar an barbaɗa masoro. Wannan ita ce alama mafi sauƙi ta bambanta sabara da sauran gajerun itatuwa.

Gashin da ke jikin ganyen ba ado ba ne. Yana rage zafin rana da ke sauka a kansa, yana kuma rage yawan ruwan da iska ke zuƙewa. Shi ya sa sabara kan riƙe ganyenta har can cikin rani, lokacin da ciyawa ta bushe, yawancin itatuwa kuma suka kaɗe.

Akan kuma ga wasu ƙulle-ƙulle masu tauri a jikin rassanta. Ba 'ya'yanta ba ne. Wasu ƙananan ƙwari ne ke shiga cikin sabon toho, sai wurin ya kumbura ya zame musu gida.

Fure da 'ya'ya

Furen sabara ƙanana ne ainun, kuma ba sa fitowa ɗai-ɗai. Sukan taru da yawa su yi dunƙule guda mai kama da ƙwallo, wanda faɗinsa bai wuce santimita 2 ba, a kan wani siririn tsinke.

Launinsu rawaya ne mai haske da ɗan kore-kore. Kowane fure na da kunnuwa 5 da kuma zaruruwa 10 masu ɗauke da garin barbara, waɗanda ke leƙowa waje su sa dunƙulen ya yi kamar mai gashi.

Wasu ƙananan ganyaye 4 ne ke rufe dunƙulen tun yana ƙarami, sannan su buɗe su koma baya idan furen ya fito.

An fi ganin furen daga ƙarshen damina zuwa cikin rani, lokacin da furanni ke ƙaranci a daji. Wannan ne ya sa zuma da sauran ƙwari masu barbarar tsirrai ke yawan ziyartarta.

'Ya'yanta sirara ne dogaye, kimanin santimita 3 zuwa 4, lulluɓe da gashi mai sheƙi kamar siliki, fari mai ɗan ja-ja. Da yake suna fitowa daga dunƙule ɗaya su miƙe ta ko'ina, sai su yi kama da ƙafafun gizo-gizo.

Ƙwaya ɗaya ce a cikin kowane ɗa. Gashin na taimaka wa iska ta ɗauke shi, yana kuma maƙalewa a jikin dabbobi su kai shi wani wuri.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Hausawa kan ce raina kama ka ga gayya. Abin da ido ke gani na sabara a bisa ƙasa, ƙaramin ɓangare ne na jikinta.

A ƙarƙashi akwai kututture mai kauri wanda ke adana abinci, kuma yana iya shafe shekaru masu yawa a raye. Daga jikinsa saiwoyi iri biyu ke fita.

Akwai waɗanda ke bazuwa gefe-gefe kusa da saman ƙasa. Akwai kuma waɗanda ke nutsawa fiye da mita 2, zuwa inda danshi ke saura ko a tsakiyar rani.

Wannan kututture shi ne sirrin juriyarta. Ko an sare ta, ko gobarar daji ta cinye ta, ko awaki sun gwaguye ta, muddin ba a tumɓuke gindin ba za ta sake fitowa, sau da yawa ma da rassa fiye da na da.

Haka kuma, idan reshenta ya kwanta rairayi ya binne shi, yakan yi saiwa a wurin ya zama sabon gindi.

Inda take rayuwa

Sabara 'yar asalin Afirka ce. Ana samunta a wani dogon zirin ƙasa da ya taso daga Senegal da Muritaniya a yamma, ya ratsa Mali, Burkina Faso, Nijar, arewacin Nijeriya, arewacin Kamaru da Chadi, har ya dangana da Sudan.

Ta fi jin daɗin wuraren da ke samun ruwan sama tsakanin milimita 400 zuwa 800 a shekara, masu gajeriyar damina da dogon rani.

Ƙasar jigawa mai rairayi, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, ita ce ainihin mazauninta. Ba ta son fadama mai riƙe ruwa, ba ta kuma son inuwa, don haka ba a cika ganinta a cikin duhun kurmi ba.

Babban gidanta shi ne saura, wato gonar da aka bari ta huta. Da zarar manomi ya ɗauke fartanya, sabara na cikin itatuwan farko da ke mamaye wurin.

A 1992, lokacin da masana daga ƙasashe daban-daban suka gudanar da wani babban binciken yanayi da ake kira HAPEX-Sahel a kewayen Yamai, sabara ce ta mamaye saurukan da suka yi awo a cikinsu.

Da yake tana iya rayuwa a ƙasar da ta gaji, akan ɗauki yawanta a matsayin alamar cewa an nome ƙasa ko an yi kiwo a kanta fiye da kima. Wasu kan fahimci wannan a baibai, su ɗauka ita ce ke kashe ƙasa. Gaskiyar magana ita ce, ita ce ke saura bayan sauran itatuwa sun gaza.

A karkarar Kano

Ƙananan hukumomin arewacin jihar Kano, irin su Dambatta, Makoɗa, Tsanyawa, Bichi da Minjibir, na da ƙasa mai rairayi da damina ta kimanin watanni 4, daga Yuni zuwa Satumba. Ta fuskar yanayi, wuri ne da ya dace da sabara.

Sai dai abu guda ya bambanta yankin da sauran sassan Sahel, wato yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta nuna jihar Kano na da mutane kimanin miliyan 9.4, kuma karkarar da ke kewaye da birnin na cikin mafiya cunkoso a Afirka ta Yamma.

Tun a 1965 wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan daga baya a Jami'ar Bayero ta Kano, ya wallafa nazari a kan wannan yanki.

Ya nuna cewa kusan duk ƙasar da za ta nomu ana noma ta kowace shekara, babu hutu. Abin da ke riƙe da ita shi ne takin dabbobi, da sharar birni da ake ɗaukowa a kan jakuna, da haɗa gero ko dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, da kuma itatuwan da manoma ke bari da gangan.

Wani nazarin da aka wallafa a 1990 kan itacen girki a Kano, wanda Mortimore na cikin marubutansa, ya gano cewa manoman yankin ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba kamar yadda aka yi ta fargaba, har bayan farin 1973 da na 1984.

Amma itatuwan da ake tattali su ne masu ba da 'ya'ya, ko inuwa, ko abincin dabba, kamar kuka, tsamiya, ɗorawa, gawo da kanya, sai kuma darbejiya wadda aka shigo da ita daga nahiyar Asiya kuma ta bazu ƙwarai.

Sabara ba ta cikin wannan sahu. Tunda saura ta yi ƙaranci, sai aka tura ta gefe: kan iyaka, bakin hanya, burtali, makiyaya da maƙabartu. A tsakiyar gona kuwa, kututture kawai ke saura, shi ma garmar shanu da tarakta na ƙara tumɓuke shi, domin yana tare hanyar huɗa.

Yadda take shayar da gero

An daɗe manoma a Nijar da Senegal na lura cewa geron da ke kusa da gindin sabara ya fi na nesa tsayi da kauri.

Wani Bajamushen masani, Alexander Wezel, ya auna wannan a gonakin gero na kudu maso yammacin Nijar, kuma sakamakon da ya wallafa a 2000 ya tabbatar da abin da manoman ke gani.

Daga farkon shekarun 2000, masana daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Senegal da wasu jami'o'in Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Richard Dick, suka kafa gonar gwaji a ƙauyen Keur Matar Arame kusa da birnin Thies.

A can ne aka yi nazarin yadda sabara ke jawo ruwa sama.

Da rana, ganyenta na fitar da ruwa ta wasu ƙananan ƙofofi, saiwoyin ƙasa kuma na ci gaba da zuƙo wani. Da dare sai ƙofofin su rufe. Amma ruwan da dogayen saiwoyi suka ɗebo ba ya tsayawa. Yakan bi ta saiwoyin sama ya tsattsafa cikin busasshiyar ƙasar da ke kewaye da su.

A wani gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 2018, masanan sun sa wa dogayen saiwoyin sabara ruwa mai wata alama da na'ura ke iya ganewa, bayan sun katse wa gonar ban ruwa don kwaikwayon fari. Ba a daɗe ba suka sami wannan ruwa a jikin geron da ke kusa.

Geron da ke tare da sabara ya ninka wanda ke shi kaɗai girma sau da dama.

Ruwan ba shi da yawan da zai maye gurbin damina. Amfaninsa shi ne ya riƙe ran shuka a lokacin da sama ta ɗauke na mako biyu ko uku bayan an yi shuka.

Taki da rairayi

Sabara ba ta cikin tsirran da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska kamar wake ko gawo. Hanyarta ta gyara ƙasa daban ce.

Lokacin hunturu da bazara, iska kan kwashe lallausar ƙasar sama, wadda ita ce mafi taki. Rassan sabara na rage wa iskar ƙarfi, sai ƙurar da busassun ganyaye su taru a gindinta, har wurin ya yi ɗan tudu.

Dabbobi da tsuntsaye da ke fakewa a wurin na ƙara masa kashi. Dogayen saiwoyinta kuma na jawo abincin shuka da ruwa ya wanke zuwa ƙasa, su dawo da shi sama ta hanyar ganyen da ke kaɗewa.

A nan ne ƙonawa ke yin ɓarna. Wuta na tafiya da naitirojin da kuma duk abin da zai ruɓe ya zama taki. Toka kaɗai ke saura, ita ma iska kan ɗauke wani kaso nata kafin ruwan farko.

A gonar gwaji ta Senegal ba a ƙonawa. Akan sare rassan kafin shuka, a daddatsa su tare da ganyen, a baza a gona. An kuma ƙara yawan gindin sabara zuwa kimanin 1,500 a kowace hekta, alhali a gonakin manoma 'yan ɗaruruwa ne.

Bayan shekaru fiye da 10 ana awo, amfanin gero da na gyaɗa ya fi yawa a filayen da ke da sabara, ko da takin zamani ko babu.

Sharaɗin dai shi ne sara a kan kari. Idan aka bar ta ta yi duhu a tsakiyar damina, takan yi wa shuka inuwa, ta kuma zama maɓoyar tsuntsaye da macizai, abin da manoma ke kokawa da shi.

Darasi daga Maraɗi

Misali mafi kusa da Kano yana tsallaken iyaka. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa a gonaki toho ne na kututturan da ke raye.

Daga nan aka fara abin da manoman Nijar ke kira sassaben zamani. Maimakon a sare komai, manomi kan zaɓi rassa ƙalilan mafiya ƙarfi a kowane gindi ya bar su, ya datse sauran.

Sabara da kalgo da gawo na cikin itatuwan da aka fi rainawa ta wannan hanya.

An ƙiyasta cewa dabarar ta bazu a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Wannan na da muhimmanci ga Kano, wadda ke cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ta Afirka ya shafa. Dashe na buƙatar kuɗi, da ban ruwa, da kariya daga awaki, kuma da yawa daga cikin abin da aka dasa kan mutu a ranin farko. Kututturen sabara kuwa ya riga ya kafu.

Magani, kiwo da makamashi

Sabara sananniya ce a wurin masu maganin gargajiya. Likitan nan ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a arewacin Nijeriya, ya sanya ta cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916.

Ana dafa ganyenta ko a daka shi don tari, da gudawa, da atini, da zazzaɓi. Akan sa shi a ruwan wankan jego, akan kuma yi asuwaki da saiwarta.

Nazarin ɗakin gwaji ya gano cewa ganyen na ɗauke da sinadarin tanin mai yawa, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Shi ke kawo baurin da ake ji a baki.

A 2000, masana harhaɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello sun wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa ruwan ganyen na rage ƙarfin dafin kububuwa da na gamsheƙa idan aka gauraya su a ɗakin gwaji.

Wannan ba ya nufin sabara na warkar da wanda maciji ya sara. Maganin da aka tabbatar shi ne allurar kashe dafi a asibiti, kuma jinkiri na iya jawo asarar rai.

Raƙuma da awaki na cin ganyenta, shanu kuwa sai rani ya tsananta, saboda baurinta. Makiyaya kan turara ɗanyen ganyen a garke don hayaƙin ya kori ƙuda.

A gidajen karkara, rassanta na cikin kiraren da mata ke girki da su. Ana kuma yin shinge da su.

Makomarta

Sabara ba ta cikin tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa a duniya, domin har yanzu tana da yawa daga Senegal zuwa Sudan.

Matsalar ta wuri-wuri ce. A inda gonaki ke ƙara tsukewa saboda rabon gado, gidaje na cinye filaye, burtali kuma na shiga cikin gona, mazauninta na raguwa. Gindin da aka tumɓuke kuwa ba ya dawowa, sai dai a jira sabon iri ya tsiro, shi ma idan ya tsira daga fartanya da bakin akuya.

Abubuwan da binciken Nijar da Senegal ya nuna ba su buƙatar kuɗi: a bar kututture a gona, a sare rassa kafin shuka da lokacin noma, a baza ganyen maimakon ƙonawa, a kuma raini 'yan rassa a kan iyaka don itacen girki.

Ga manomin Kunchi ko na Makoɗa da ke sayen buhun taki da tsada, kuma yake zuba ido ga sama bayan shuka, wannan na iya zama bambanci tsakanin gonar da ta jure ɗaukewar ruwa da wadda sai an sake shuka ta.